Abincin Indiya na Cikin Firiza: Sanyi Ba Ya Kashe Cuta

A cikin zafin watan Maris wani saurayi ya kawo mahaifiyarsa ɗakin shan maganinmu da asuba, tana amai babu ƙaƙƙautawa. Daga wani ƙauye kusa da Djougou ta zo Kwatano ganin jikoki. Tana da hawan jini, kuma ƙwayar da ta sha da dare ta dawo tare da aman. Muka sa mata ƙarin ruwa, muka zauna tambayar abin da ta ci.

"Malama, abinci ne mai tsada," in ji ɗan. "Ba na bakin hanya ba ne. A babban kanti na saya."

Shinkafar Indiya ce da kaza, wadda ake kira biriyani, dafaffiya, a daskare cikin kwali. Inna tana son finafinan Indiya, shi ne ya ce bari ya ba ta abincinsu ta ɗanɗana. Ya sayi kwali uku da hantsi, ya hau zemijan, ya tsaya Dantokpa wajen wani ciniki, bai iso gida Avotrou ba sai bayan la'asar. Ya ba maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara ajiya a firizarta. Da dare aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai washegari. Abincin ya narke, ya sake daskarewa. Bayan kwana uku aka ɗumama shi, Inna ta ci, kafin sa'a uku ciki ya juya.

Ban ga laifin yaron ba, girmama uwa ya yi niyya. Amma tun ranar nake son in rubuta wannan, domin irin kwalayen nan sun fara yawa a firizar kantuna, daga samosa zuwa burodinsu mai mai da miya iri-iri, kuma 'ya'yanmu na birni sun fara ɗaukar su a matsayin tsaraba. Ra'ayina shi ne: wanda ba shi da tabbacin wuta dare da rana, kada ya sayi abincin nan don ajiya. In zai saya, ya saya ya ci a ranar. Zuwa ƙauye kuwa, kada a kai shi ko kaɗan.

Ga dalili. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙara tana kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta kashe su, barci kawai take sa su. A masana'anta ana daskarar da abincin, a riƙe shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, a jirgin ruwa, a tashar jirgin, a mota, har firizar kanti. Muddin sanyin bai yanke ba, abincin yana nan lafiya wata da watanni. Da zarar ya narke, ƙwayoyin sun farka. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 suke hayayyafa, kuma zafin garinmu, wanda yakan kai 30 ko ya wuce, shi ne daidai abin da suke so. Wasu sukan ninka kansu cikin minti 20 kacal. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye ba kan wuta ba, ba cikin sanyi ba. Kwalin wancan yaro ya yi fiye da sa'a shida a kan babur da cikin kasuwa tun kafin a zo maganar ɗauke wuta. Mayar da shi firiza bai gyara komai ba; tarin ƙwayoyin da suka riga suka yawaita ne aka sake kwantarwa.

"To ai mun ɗumama shi har yana tururi," in ji shi. A nan shinkafa take da nata sharri. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus, tana zuwa cikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta gamawa da ita. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe cikin ɗumi, sai ta tsiro ta zuba dafi, kuma dafin nan wuta ba ta lalata shi. Ko an sake tafasawa yana nan. Alamarsa amai mai ƙarfi, daga rabin sa'a zuwa sa'a shida bayan cin abinci. Wannan bai tsaya ga shinkafar Indiya ba. Dafa-dukan biki da ta kwana a kula ma haka take yi, kuma mun sha ganin gida guda a kwance saboda ita.

Wani zai ce ai mu mutanen Kwatano ba baƙin kayan sanyi ba ne. Gaskiya ne. Shekara da shekaru kwalayen kaji da fukafukan talotalo da kifi suna sauka a tasharmu, har ana tsallaka da su Seme zuwa Najeriya, inda aka hana shigo da daskararrun kaji tun farkon shekarun 2000. Kowace uwargida ta san yadda ake gane kazar da ta lalace: ta duba launi, ta taɓa ta ji ko tana yauƙi, ta shinshina. Sannan ta wanke, ta tafasa, ta soya. Abincin kwali ya ƙwace mata waɗannan duka. An rufe shi da leda, an lulluɓe shi da yaji da ƙamshin da hancinta bai saba da shi ba, balle ta san yadda yake in ya juya. Kuma ba dafa shi za ta yi ba, ɗumamawa ce ta 'yan mintoci. Sau da yawa gefe yana ƙuna, tsakiya da sauran sanyi.

Kada a ce na tsani abincin mutane. Na ci samosar kwali, na ji daɗinta. Abin da aka daskarar da kyau, aka ajiye da kyau, ya fi tsabta a kan miyar da ta wuni a buɗe ƙudaje na bi. Ma'aikaciyar da ta taso aiki da dare, ga firiza ga wuta, abin yana rage mata wahala. Damuwata hanyar da ke tsakanin kanti da tukunya ce. Daga Kwatano zuwa Parakou ya fi kilomita 400, zuwa Malanville ya fi 700. Babu ledar ƙanƙarar da za ta riƙe kwali a daskare cikin motar haya har can, sannan a isa gidan da ba firiza. Wanda zai yi wa iyaye tsaraba, ga sabulu, ga atamfa, ga busasshen kifi.

Wanda ya ce sai ya saya, ya sa hannu ya taɓa kwalin a kanti. Ya zama da tauri kamar dutse. In ya ga kwalin ya jiƙe ya bushe, ko ya lanƙwashe, ko ƙanƙara ta taru manya-manya cikin ledar, ko miyar ta gangara gefe guda ta daskare, to ya taɓa narkewa, a bar musu kayansu. Ya zama shi ne sayayyar ƙarshe, daga nan sai gida. A zuba shi a tukunya, a juya, sai tsakiyarsa ta yi zafin da ba ya taɓuwa. Abin da ya rage kada ya koma firiza. Masu yin sa da kansu sukan rubuta haka da Faransanci a bayan kwali: ne pas recongeler, wato kada a sake daskararwa. In an ɗauke wuta, a daina buɗe firiza. Wadda take cike takan riƙe sanyinta wajen kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya. Ta mai sayar da ƙanƙara da ake buɗewa kowane minti ba ta cikin wannan lissafi.

Sai maganar gishiri, wadda ta fi shafar masu zuwa awon jini ranar asibiti. Babba bai kamata ya kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin dunƙule da burodi. A jikin kwali za ku ga an rubuta sel ko sodium. In sodium aka rubuta, a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. A kuma lura, yawanci lissafin giram 100 ne, ba na kwalin duka ba. Misali, in an rubuta miligiram 400 a giram 100, kwalin kuma giram 300 ne, wanda ya cinye shi ya ci giram 3 na gishiri a zama ɗaya, saura na safe da na dare. Ga man shanu da kirim da ake zubawa a miyar. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, wannan ba abincinsu ba ne, ko da sanyinsa bai taɓa yankewa ba. Ina roƙon masu zuwa dubiya su daina kawo shi gadon marar lafiya.

Abin da ya ba ni dariya shi ne ranar da na zauna na karanta abin da ke cikin wani kwali mai suna palak paneer. Alayyaho ne da cuku. Cukun nan kuwa ɗan'uwan wagashi ne, wanda matan Fulani ke yi a arewacin ƙasar nan. Sauran su ne albasa, tumatir, citta, tafarnuwa, barkono da kurkum. In ban da ɗan ƙamshi ɗaya ko biyu, babu wanda ba a samu a Zongo ko a kasuwar ƙauye, da kuɗin da bai kai na kwalin ba, kuma gishirin yana hannun mai girki.

In an riga an ci, amai da gudawa suka taso, kada a jira. A haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu fakiti, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe su, ba a tula ba. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Yaro ƙarami, tsoho, mai juna biyu, da duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko fitsari ya ɗauke, ko ruwa ya ƙi zama a ciki, a kawo shi asibiti a ranar.

Inna ta kwana biyu a wurinmu. Da za a sallame ta na tambayi ɗan sauran kwali biyun. Ya ce suna nan a firizar maƙwabciya, yana tunanin ko yara za su ci, tunda kuɗi ne. Inna ta juyo daga kan gado ta ce, "Kai, zuba su a rami. Ka sayo mini wagashi."