Kifin tarfon a Florida: An hana kashe shi, amma har yanzu bai tsira ba

Kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Yuli, mashigar ruwa ta Boca Grande da ke kudu maso yammacin Jihar Florida ta Amurka kan cika da ƙananan jiragen ruwa, kowanne ɗauke da masu fatsa da suka biya kuɗi mai tsoka domin su kama kifin da ba za su ci ba, ba kuma za su sayar ba. Kifin shi ne tarfon, wanda suke yi wa kirari da Sarkin Azurfa saboda ƙyallin jikinsa. Babbansa kan kai tsawon mita biyu, kuma da zarar ƙugiya ta kama bakinsa sai ya daka tsalle ya bar ruwa ɗungurungum yana girgiza kai, ya sake nutsewa, ya sake tashi, wani lokaci har sama da awa guda. Wannan kokawar ita ake saye. Namansa kuwa cike yake da ƙaya, Amurkawa ba su damu da cin sa ba.

Sana'ar ta tsufa. An fi danganta farkonta da shekarar 1885, lokacin da wani mutumin New York mai suna W. H. Wood ya kama tarfon mai nauyin kilo 42 da sandar fatsa a kusa da tsibirin Sanibel, labarin ya bazu a jaridu, attajirai suka fara kwararowa. Kusan shekara ɗari aka yi ana kashe kifin, a rataye shi a bakin gaɓa, a ɗauki hoto, a jefar da gawar. Sai a 1989 jihar ta wajabta wa duk mai son kashe tarfon ya sayi takardar izini ta dala 50. Daga 1 ga Satumban 2013 kuma hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta ƙara ƙaimi: duk tarfon da aka kama dole a sake shi, wanda ya haura inci 40, wato kimanin mita ɗaya, ba a yarda ma a ɗaga shi daga cikin ruwa ba. Ƙofa ɗaya aka bari, takardar izini guda a shekara ga mai neman kafa tarihin kamun da ya fi kowane girma.

Ba a kai ga wannan doka cikin ruwan sanyi ba. A Boca Grande an shafe shekaru ana zaman doya da manja tsakanin tsofaffin jagororin kamun kifi na garin, masu amfani da ɗanyen koto, da kuma masu wata gasa da ake nunawa a talabijin, waɗanda ke amfani da ƙugiya mai darma rataye a ƙarƙashinta. 'Yan gari sun dage cewa kifin ba haɗiyar wannan ƙugiya yake yi ba, sarƙafe shi take yi ta gefen fuska idan aka zura ta cikin garke, sannan a ja shi zuwa ma'auni a gaɓa, a sake shi a galabaice. A ƙarshen 2013 aka haramta irin wannan ƙugiya a mashigar.

Ba tausayi kaɗai ya sa hukuma ta saurare su ba, akwai lissafi. Wani bincike da ƙungiyar Bonefish & Tarpon Trust ta ɗauki nauyi a 2013 ya ƙiyasta cewa kamun kifin nishaɗi a ruwa marar zurfi na tsibiran Florida Keys, inda tarfon ke cikin manyan abin nema, yana juya kusan dala miliyan 465 a shekara. Kifin da kan rayu sama da shekara 50 ana iya kama shi a sake shi sau da dama, kuma kowane kamu na nufin kuɗin jagora, kuɗin otal, man jirgi da abinci. Matacce kuwa hoto ɗaya ne.

To, in haka ne, me ya sa hukumar IUCN mai sa ido kan halittun duniya ta saka tarfon na Tekun Atilantika cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana, bisa ƙiyasin cewa yawansa ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100? Amsar, a ganina, ita ce dokar 2013 ta warware mafi sauƙin matsalolin ne, wato hannun mai fatsa. Abin da ya rage ya fi wuya, ya fi tsada, kuma ba a bakin jirgin ruwa ake magance shi ba.

A fara da abin da ke faruwa bayan an cire ƙugiya. Binciken masana na hukumar jihar a Boca Grande da Tampa Bay ya gano cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na manyan tarfon da aka saka suna mutuwa jim kaɗan bayan sakin, kuma mafi yawansu kifin shak ne ke cinye su, domin sun gaji ba sa iya gudu. A farkon 2024 masu bincike daga Jami'ar Massachusetts Amherst, ƙarƙashin Grace Casselberry, sun wallafa abin da suka gani a mashigar Bahia Honda ta Florida Keys: cikin tarfon da aka yi kokawa da su fiye da minti biyar, sama da kashi 15 cikin 100 babban shak mai kan guduma ya cinye su tun suna kan igiya. Mai fatsa bai karya doka ba, bai kashe kifi da hannunsa ba, amma shi ya riƙe wa shak ƙafa.

Nan ne siyasa ta shigo. Jagororin kamun kifi da dama na kukan cewa shak ya yi yawa, ya kuma koyi bin ƙarar injin jirgi. A watan Janairun 2025 Majalisar Wakilan Amurka ta amince da wani ƙuduri mai suna SHARKED, wanda ke neman a kafa kwamiti kan yadda shak ke ƙwace kifi daga igiyar masu fatsa. Ƙudurin bai ce a kashe shak ba, sai dai a bakin gaɓa akwai masu fatan can za a dosa. Matsalar ita ce shi kansa babban mai kan guduma yana cikin jerin IUCN na halittun da ke dab da ƙarewa, matakin da ya fi na tarfon muni, kuma tun 2012 Florida ta hana kashe shi a ruwanta. Rage shi domin a kare nishaɗin masu yawon buɗe ido zai zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shawarar masu binciken ta fi kusa da hankali: a yi amfani da igiya mai ƙarfi domin a gajarta kokawar, kuma idan shak ya bayyana a tattara a bar wurin. Sai dai wannan shawara ta ci karo da abin da baƙo ya biya kuɗi dominsa, don kuwa a wannan wasa alfahari yana ga wanda ya kayar da ƙaton kifi da siririyar igiya, kuma jagoran da ya janye jirgi daga inda kifi ya taru yana iya rasa baƙonsa gobe.

Babbar barazanar ma ba a inda ake kamun take ba. Tarfon na zuwa can cikin teku mai nisa ya zuba ƙwai, igiyar ruwa ta kwaso 'ya'yan, sirara masu kama da ganye, ta kai su ƙananan rafuka da fadamun bakin teku inda itatuwan ruwan gishiri ke tsirowa. Ruwan irin waɗannan wurare ba shi da isasshiyar iska, manyan kifaye ba sa iya zama cikinsa, shi kuwa tarfon yana leƙowa sama ya shaƙi iska da wata jaka da ke cikinsa, don haka nan ne mafakarsa. Waɗannan fadamu su ne ainihin filayen da ake cikewa da ƙasa ana gina gidaje da tashoshin jiragen shaƙatawa, a jihar da yawan jama'arta ya haura miliyan 22. Kuma da yake kifin kan ɗauki kusan shekara goma kafin ya fara haihuwa, ɓarnar da aka yi wa rafi bana ba za ta bayyana a igiyar mai fatsa ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da wanda ya sa hannu a takardar ginin ya daɗe da barin ofis.

Ga kuma gurɓatar ruwa. A 2018 jan gansakuka mai guba ya mamaye gaɓar kudu maso yammacin jihar, matattun kifaye suka cika bakin ruwa har da manyan tarfon, lamarin da ya sa Gwamna Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Agusta. A 2021 kuma aka saki sama da galan miliyan 200 na gurɓataccen ruwa daga tsohuwar masana'antar takin zamani ta Piney Point zuwa Tampa Bay. Babu wata dokar sakin kifi da ta shafi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Jihar Texas ta riga ta ɗanɗana. Garin Port Aransas a da sunansa Tarpon, kuma a 1937 Shugaba Franklin Roosevelt da kansa ya je kamun kifin a can. Zuwa shekarun 1960 garken ya yi ƙasa matuƙa, abin da masana ke dangantawa da madatsun ruwa da suka rage kwararar koguna zuwa teku, da gurɓata, da kuma kamun kasuwa a ruwan Meziko.

Batun Meziko ya kai mu ga gaɓar da dokar Florida ba ta da ta cewa. Na'urorin bin sawu da aka maƙala wa kifin sun nuna yana tafiyar ɗaruruwan kilomita, daga gaɓar Meziko zuwa bakin kogin Mississippi, daga Florida zuwa Virginia. Kifin da aka lallaɓa aka saka a wata jiha yana iya ƙarewa cikin taru a wata ƙasa, kuma babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta tsara kamunsa yadda aka yi wa kifin tuna.

A wannan ɓangare na Atilantika ma akwai shi, daga Senegal har Angola. Hasali ma mafi girman tarfon da hukumar IGFA ta amince da shi a tarihi, mai nauyin kusan kilo 130, a tsibirin Rubane na Gini Bisau wani mai suna Max Domecq ya kama shi a watan Maris na 2003, kuma masu kuɗi daga Turai da Amurka na zuwa Gabon da Angola takanas dominsa. Amma a nan abinci ne. A gaɓar tekun Najeriya, musamman yankin Ilaje na Jihar Ondo, ana kamo 'ya'yansa a rene su a tafki domin ci da sayarwa. Masu fafutuka kan nuna lissafin Florida a matsayin hujjar cewa rayayyen tarfon ya fi matacce daraja, kuma gaskiya ne, amma ga wa? A Florida jagoran da ya saki kifin shi ne ke karɓar kuɗin baƙo da yamma. A tsibiran Bijagos, inda Rubane yake, masunci mai kwale-kwale da aka ce ya saki kifi mai kilo 60 ba shi ne mai masaukin baƙi ba, ba kuma asusunsa ake tura kuɗin tafiyar ba. Muddin ba a tsara yadda wani kaso zai shiga hannunsa ba, kifin da ya faɗa tarunsa kasuwa zai kai shi.