LAFIYA UWAR JIKI: An dasa maka haƙori? To, yi hattara da kwanon abincinka

 A wannan watan za mu leƙa cikin baki ne.

Kowa ya san murmushi jari ne a harkar fim. Da kyamara ta matso fuskar jarumi ko jaruma, haƙora ne ke fara yi wa ɗan kallo sallama. Shi ya sa wanda ya yi rashin haƙori, ko a hatsarin babur ko saboda ruɓewa, yake shiga damuwa, wani ma dariya sai ya sa hannu ya rufe baki. Yanzu likitoci na dasa sabo, kuma matasa da dama suna tara kuɗi don a yi musu. Sai dai fa wasu kwanon abinci ne ke jawo musu asarar kuɗin nan.

Kada a haɗa shi da haƙorin Makka, wanda galibi sutura ce ake yi wa haƙorin da ke nan. Shi dashe tiyata ce sosai. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a sa wata 'yar kusa ta ƙarfen taitaniyom, sai ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙorin a kai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Per-Ingvar Branemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashi na manne wa wannan ƙarfe, lokacin da yake bincike a kan zomaye. A 1965 ya yi wa mutum na farko, kuma mutumin ya yi shekara 40 yana cin abinci da su.

To, ga inda gizo ke saƙar: kamawar nan takan ɗauki wata 3 zuwa 6. Kamar ka kafa turke ne a ɗanyen siminti, in kana girgiza shi kullum, yaushe zai tsaya?

Ranar farko da ta biyu

Kada ka ci komai sai allurar kashe zafi ta sake ka, in ba haka ba ka ciji harshe ko kumatu ba ka sani ba. Daga nan sai abu mai laushi kuma mai sanyi: yogot, kunun da ya huce, koko, ayaba da aka dame, ko fura da aka dama lilis da nono mai tsafta. Shayi mai tururi a ɗaga masa ƙafa, don zafi na tayar da jini. Kuma don Allah ban da zuƙar lemo da tsinken roba. Zuƙar na iya ɓamɓare gudan jinin da ya toshe ciwon, alhali shi ne murfin da ke kare wurin. Haka ma yawan tofar da yawu da kurkure baki da ƙarfi.

Sati na farko zuwa na biyu

A nan ne wasu ke yin kuskure na biyu. Don tsoro, sai su koma shan lemon kwalba da ruwan shayi kawai. Haba! Da me jiki zai ɗinke ciwon? Nama da ƙashi na buƙatar abinci mai gina jiki, kuma muna da shi a gida: dafaffen ƙwai, alala, faten wake da ya dahu luguf, faten dankali, kifin da aka zare wa ƙaya tsaf, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka. Madara da nono na ba da kalsiyam na ƙashi. Gwanda da mangwaro nunanne na ba da bitamin C, wanda dasashi ke buƙata don ya warke. Lemon tsami da yaji kuwa a dakata, za su yi maka raɗaɗi. A riƙa tauna ta ɗaya ɓangaren, a kuma sha ruwa sosai.

Waɗanda za a yi wa yaji

Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, aya, rake, goro, gasasshiyar masara, ƙanƙara da cingam. Na san wani zai ce, "Kai, to me ya rage a duniyar?" Haƙuri dai, na ɗan lokaci ne. Gyaɗa da kantun riɗi ma a bar su, domin ɓarɓashinsu na maƙalewa a wurin ɗinki. Sai likitanka ya ce ƙashi ya kama, sannan ka koma wajen mai tsire.

Babban abokin gaba kuwa shi ne hayaƙi. Sigari da shisha na rage jinin da ke isa dasashi, kuma masu sha sun fi fuskantar lalacewar dashe. Mai ciwon suga shi ma ya kula da sugansa, don in ya hau ciwo ba ya saurin warkewa.

Bayan awa 24, a riƙa kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, musamman bayan cin abinci. Buroshi da asuwaki su kauce wa wurin ɗinkin tukuna. In jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi ya zo, ko ka ji abin na motsi, garzaya wurin likitan da ya yi maka. Umarninsa na gaba da duk abin da ka karanta a nan.

Masu wasiƙu, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Sai wani watan in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.