Kuɗin Itace Da Kuɗin Inuwa

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutane a ƙasar Kazaure, daga Achilafiya har Roni da Gwiwa. In aka yi wa mai saran itace faɗa, sai ya ce, "Ai ciniki ne. Mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda, ina ruwan wani?" Har waɗansu masu ilmi sukan ɗaure wa maganar gindi, su ce a bar kasuwa ta yi aikinta, gama in abu ya yi ƙaranci kuɗinsa zai hau, mutane su rage saye da kansu. Wannan magana gaskiya ce a kan gero da goro da takalmi. A kan itatuwan daji kuwa kuskure ce babba, talakawa ne kuma ke biyan kuɗin kuskuren.

Ga dalili. Mutum ya shiga daji ya sare marke ko ƙirya, ya faskara ko ya ƙona gawayi, ya kai bakin hanyar Daura zuwa Kano, mai mota ya saya. Kuɗin da ya karɓa na wahalar sara ne da na amalanke, shi ke nan. Alhali kuwa tun itacen nan yana tsaye yana wani aiki wanda ba a biyansa. Yana tare iska, saiwoyinsa suna riƙe ƙasa, awaki suna cin ganyensa, matafiyi yana hutawa a gindinsa. Da aka sare shi da 'yan'uwansa, sai iskar farkon damina ta kwaso rairayi ta binne shukar wani manomi, tilas ya sake shuka, ko kuwa ruwa ya sami hanya ya zaizaye gonarsa. Wa zai biya shi? Ba ya wurin cinikin, ba a nemi yardarsa ba, matar da ta dafa tuwo da itacen a Fagge ba ta taɓa jin sunansa ba. Mutum biyu suka yi ciniki suka ci riba, hasara ta faɗa kan na uku.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan gazawar kasuwa. Wani malaminsu a Ingila, Arthur Pigou, ya bayyana ta tun 1920. Cikin misalansa har da tartsatsin jirgin ƙasa da ke ƙone dajin mutane a gefen hanya, ba tare da ɓarnar ta shiga lissafin masu jirgin ba. Shawararsa ita ce hukuma ta ɗora wa mai ɓarna haraji daidai da ɓarnarsa, domin kuɗin abu ya faɗi gaskiya. Wanda ya yi karatun allo ma ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama malaman fiƙihu sun daɗe da hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne.

Batun cewa tsada za ta hana sara kuwa, sai a duba abin da ya auku. A 2023 aka janye tallafin man fetur, rayuwa ta yi tsada, iskar gas ta fi ƙarfin gidaje da yawa, suka koma ga gawayi. Kuɗin gawayi ya hau. To, sai masu gatari suka ajiye gatarinsu? Ko kusa. Tsadar ce ma ta jawo waɗansu sababbi cikin sana'ar. Da gero ne ya yi tsada, da manomi ya ƙara shuka, don ya san shi zai girbe. Amma wa zai dasa marke a dajin da ba nasa ba, ya yi shekara ashirin yana jira, wani ya zo da dare ya sare?

Waɗansu sukan ce talauci ne da yawan jama'a, ba makawa. Wannan ma bai tsaya ba. Kewayen birnin Kano cike yake da manoma, amma da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka bincika sha'anin itacen wuta a can wajen 1980 da 'yan kai, sai suka tarar itatuwan gonaki ba su ƙare ba. Manomi yana tattalin ɗorawarsa da tsamiyarsa da kukarsa kamar yadda yake tattalin akuyarsa, itacen da birni ke ci kuwa yawancinsa daga dazuzzuka masu nisa ake ɗauko shi. Watau talakan nan da ake zargi, shi ne mai kiyaye itace in ya tabbata nasa ne.

Shaida mafi ƙarfi tana hayin iyaka, arewa da Babura. A Nijar, tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma, malamin daji yana cin tarar manomi a kan itacen da ke cikin gonarsa. Saboda haka manomi ba ya barin tsiro ya girma, don kada ya jawo masa fitina. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman ƙasar Maradi suka shiga barin tohon kututture ya tashi, suna sassabe shi suna zaɓen reshe mai ƙarfi, dabarar da wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa tun daga 1983. Hukuma ta sassauta, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manoma iko. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Maradi da Damagaram. Wanda ya je Magarya zai ga gawo jere cikin gonaki. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, yakan zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke nema.

Amma kada a ɗauka raba wa kowa nasa ya gama magana. Akwai abubuwan da ba su rabuwa. Jerin itatuwan tare iska, irin wanda aka dasa a ƙasar Dambatta bayan farin 1973, yana kare gonar wanda ya biya da ta wanda ya ƙi biya. Haka burtali, haka makiyaya, haka hurumin gari. Tun da ba a iya hana kowa morewa, sai kowa ya zauna yana jiran wani ya biya, ba kuwa ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa a abin da ba zai iya sayarwa ba. Irin waɗannan su ne dalilin haraji, su ne kuma dalilin da ya sa Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, Tarayyar Afirka kuma ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, wanda Jigawa ke cikinsa.

Laifi a nan kashi biyu ne. Akwai na mutumin da ke cewa "kayan gwamnati ne" ya shiga da gatari, ko ya nome burtali taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, sa'an nan ya yi ƙara in shanu suka shiga gonarsa. Akwai kuma na mai riƙe da alƙalami wanda ke yanka gandun daji ya ba mai kuɗi, ko ya shirya bikin dashe da kiɗa da jawabi, a watse, ba mai ban ruwa, ba mai gadi, awaki su cinye kafin kaka. Na biyun ya fi nauyi, domin shi aka ba amana.

Abin da ya kamata dagatai da hakimai da majalisun ƙananan hukumomi su yi ba boyayye ba ne. A tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen gonarsa nasa ne, ya sassabe ya sayar ba tsoron tara. A karɓi kuɗi a kan kowace motar gawayi, a karanta jimlarsa a gaban jama'a, a kashe shi kan dashe da albashin masu gadi a ƙasar da aka sare itacen. Burtali da hurumi kuma a kafa musu duwatsun iyaka a gaban manoma da Fulani, a ajiye takardar a ofishin hakimi inda duk wanda ya iya karatu zai nema ya duba.