Taurari Ba Sa Auna Shiru

A Asabar ɗin ƙarshen Yuli ko ta farkon Agusta, babbar hanyar A7 da ke gangarawa daga Lyon zuwa Marseille takan cika maƙil, har Bison Futé, sashen gwamnatin Faransa mai hasashen cunkoson hanyoyi, ya shafa wa ranar baƙin launi, mataki mafi muni a ma'auninsa. A cikin wannan jerin gwano akwai motoci masu lambobin Holand da Jamus da Beljiyam da Birtaniya, da yawansu suna jan karaban, wato ɗan ɗaki mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, mai gado da murhu da teburin cin abinci. Masu su sun yi shekara guda suna tanadi domin su huta da hayaniyar birni. Bayan doguwar tafiya, sai wasunsu su sauka a zangon da mutanen cikinsa suka fi na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi yawa, lasifika na tashi har dare ya raba. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Kuskuren yakan faru ne tun a gida, ranar da ake kama wuri ta intanet. Mutum ya ga zango mai tauraro biyar, ya ɗauka cewa mafi tsada shi ne mafi kwanciyar hankali. Faransa ta fi kowace ƙasa a Turai yawan irin waɗannan zanguna, sun haura 7,000, kuma hukumar Atout France ce ke kula da ba su daraja daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Abin da masu dubawa ke bi shi ne abin da ake iya ƙirgawa: faɗin gurbin da ake ba kowane baƙo, yawan banɗakuna da wuraren wanka, sa'o'in da ofishin karɓar baƙi yake buɗe, harsunan da ma'aikata ke ji, intanet, filin wasan yara. Duk waɗannan suna da amfani, amma babu ɗayansu da ke nuna ko mutum zai samu barci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Sau da yawa ma abin da ke ƙara taurari shi ke rage shiru. Wanda ya zuba maƙudan kuɗi ya gina tafkin ninkaya da gidan abinci da dandalin wasa, dole ne ya mayar da kuɗinsa cikin makonnin zafi kaɗan. Hanyar yin haka ita ce cika wuri da jama'a da kuma nishaɗantar da su kowane dare. Haka nan a shekarun baya-bayan nan manyan zanguna sun riƙa cike filayensu da ɗakunan haya na dindindin, saboda sun fi gurbin ciyawa kawo riba. Gurbin da ya rage wa mai jan karaban yakan zama na gefe, wani lokaci kusa da ƙofar shiga ko bakin titi.

Saboda haka mai neman shiru ya kamata ya ajiye taurari gefe, ya fara da tambayar da ta fi su muhimmanci: mutum nawa wurin yake ɗauka? A nan doka ta sauƙaƙa masa aiki. A Faransa, manomi na iya sauke baƙi a gonarsa da sanarwa kawai ga ofishin magajin gari, matuƙar gurabe ba su wuce 6 ba ko mutane ba su wuce 20 ba. Akwai kuma rukunin da suke kira aire naturelle, wanda ba ya wuce gurabe 30 a fili mai faɗin hekta ɗaya, kuma ba ya aiki fiye da wata shida a shekara. A Birtaniya, dokar 1960 ta ba wasu ƙungiyoyi, ciki har da wadda yanzu ake kira Caravan and Motorhome Club, ikon amincewa da ƙananan wurare masu ɗaukar karaban biyar kacal. A Holand ƙungiyar SVR ta daɗe tana haɗa matafiya da manoman da ke saukar baƙi. Irin waɗannan wurare ba sa alƙawarin shiru a tallarsu, ƙanƙantarsu ce ke tabbatar da shi. Ba a kafa dandalin kiɗa domin iyali biyar.

Tsakanin gona da babban zango akwai zangon gari, wanda ƙaramar hukuma ke gudanarwa. Tarihinsa yana haɗe da na hutun ma'aikata. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi, hutun da ya kai mako biyar a 1982. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, garuruwa da dama sun ware fili a bakin kogi ko kusa da filin ƙwallo domin iyalan da ba su da kuɗin otal. Har yau irin wannan zango yakan tsaya a tauraro biyu: ruwa, wuta, banɗaki mai tsabta, inuwar itatuwa, da gidan burodi a tafiyar 'yan mintuna. Sai dai mai karaban ya buga waya kafin ya taso. Wasu zangunan gari ba sa karɓar karaban mai tayoyi huɗu, kuma wuraren kwanan da garuruwa ke tanadar wa motoci masu ɗaki a jikinsu, da tsarin France Passion na kwana a gonaki, ba a yi su domin karaban da ake ja ba.

Tambaya ta biyu ita ce lokaci, domin zango ɗaya yakan zama wuri biyu daban a wata biyu daban. Makarantun Faransa suna tafiya dogon hutu daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta, kuma cunkoso ya fi tsanani tsakanin 14 ga Yuli da 15 ga Agusta. A Italiya ma ranar 15 ga Agusta, wadda suke kira Ferragosto, ita ce ƙololuwa. Wanda ba shi da 'ya'ya a makaranta, Yuni da Satumba nasa ne: rana na nan, farashi ya sauka, har katin rangwame na kamfanin ACSI an gina shi ne kan waɗannan lokuta na ƙarancin baƙi. Amma kalandar ƙasar da ake zuwa ba ta wadatar ba, sai an duba ta maƙwabtanta. Jihohin Bavaria da Baden-Württemberg na Jamus suna ba ɗalibai hutun Fentikos a watan Mayu ko Yuni, kuma a makonnin nan zangunan tafkin Garda da gaɓar tekun Kuroshiya sukan cika tamkar tsakiyar Agusta.

Tambaya ta uku ita ce abin da ke kewaye da wurin, kuma a nan tauraron ɗan'adam ya fi taurarin hukuma amfani. Hoton sama yana nuna abin da talla ke ɓoyewa: layin dogo a bayan shinge, babbar hanya a ƙetaren kwari, filin bukukuwan gari. Akwai dalilin kimiyya da ya sa titi ya fi komai wuyar gudu. Ƙarar da ke fitowa daga wuri ɗaya, kamar janareta, tana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Ƙarar doguwar hanya mai motoci a jere kuwa da desibel 3 kacal take raguwa. Da dare, idan iskar ƙasa ta yi sanyi ta sama na da ɗumi, sauti yakan lanƙwaso ƙasa ya yi nisa, shi ya sa hanyar da ba a ji da rana takan zama kamar a bakin taga da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2009 domin Turai, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar dare a wajen ɗakin kwana ya wuce desibel 40, kuma bangon karaban bai kai na gida kauri ba.

Taswirar nan tana amsa wata tambaya da ta fi barci nauyi. Wuraren da suka fi shiru sau da yawa suna bakin rafi ne ko cikin kurmi. A ranar 7 ga Agustan 1996, ambaliya ta gangaro daga tsaunukan Pyrenees ta share wani zango kusa da Biescas a Sifaniya, mutum 87 suka rasu. A Yulin 2022 gobarar daji ta cinye zanguna biyar a gindin tudun yashi na Pilat a kudu maso yammacin Faransa, bayan an kwashe mutanen ciki. Mai hankali yakan duba hanyar fita kafin ya kwance karaban daga mota, kuma idan hadari ya haɗo, ya zaɓi gurbi a kan tudu ko da na bakin ruwa ya fi kyan gani.

Masu kare manyan zanguna suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Iyali mai yara uku na bukatar abin da zai shagaltar da su, mai keken guragu na bukatar banɗakin da aka gina dominsa, kuma garuruwan bakin teku da yawa da kuɗin waɗannan makonni suke rayuwa. Babban zango ba laifi ba ne, yana sayar da abin da ya ce yana sayarwa. Wasu manyan ma suna da tsari: a Jamus an saba rufe ƙofar motoci da tsakar rana, yawanci daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, da kuma da dare. Laifin yana ga mai sayen da bai karanta dokokin wuri ba, ya biya kuɗin biki alhali barci yake nema.

Haka kuma wanda ya zaɓi ƙauye ya san cewa ƙauye ma yana da muryarsa. A 2019 wata kotu a Faransa ta yanke hukunci cewa wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron zai ci gaba da cara, bayan maƙwabta masu gidan hutu sun kai ƙara. A Janairun 2021 ƙasar ta kafa dokar da ta sanya sautuka da ƙamshin karkara cikin gadon al'umma. Ƙararrawar coci da kukan kwaɗi da tarakta mai fita da sassafe suna cikin abin da baƙo ya zo ya tarar, kuma ba za a daina su dominsa ba.

Abin da ya fi damuwa shi ne ƙananan zangunan suna raguwa. Ƙaramar hukumar da ta ga filinta babu kowa yawancin shekara takan rufe shi ko ta miƙa shi ga kamfani, kamfanin kuma ya kawo ɗakunan haya. Duk matafiyin da ya kwana uku a zangon gari cikin Satumba, ya sayi burodi da cuku a kasuwar garin, ya ba magajin gari dalilin barin filin yadda yake. Idan ya iso kafin magariba, ya kashe rediyo da wuri, ya rufe ƙofar mota a hankali, to maƙwabcinsa ma ya samu abin da ya yi doguwar tafiya dominsa.