Cocin Bartholomew Bai Rushe Gini Ba, Bai Kuma Daina Ciyar da Mabuƙata Ba

Wani marubuci ya sake tono maganar cocin St. Bartholomew da ke titin Park Avenue a New York, yana cewa hukuma ta zalunci cocin da ta hana shi rushe gininsa. Wai mai kaya shi ke da iko da kayansa, kuma kuɗin da za a samu daga filin na talakawa ne.

Malam marubuci ya tsallake rabin labarin. Tun 1967 birnin ya sanya cocin da gidan taronsa cikin gine-ginen tarihi. Abin da shugabanninsa suka nema shi ne a kwashe gidan taron, a kafa benen ofisoshi mai hawa 59. Da aka ƙi, suka rage zuwa 47, nan ma aka ƙi. Ko mabiya cocin ma kansu ya rabu, da ƙyar masu son rushewa suka yi rinjaye a ƙuri'a.

Batun 'yancin addini da cocin ya kai kotu kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da shi a 1990: babu wanda ya hana ibada, cocin kuma bai nuna cewa aikin jinƙansa zai gagara a tsohon ginin ba. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar a 1991.

To ina durƙushewar cocin da aka yi ta kururutawa? Ana ibada, ana ciyar da marasa galihu. A 2018 ma cocin ya ƙulla cinikin miliyoyin daloli da bankin JPMorgan Chase, ya sayar masa da haƙƙin ƙara hawa da bai yi amfani da shi ba, ba tare da an fasa tubali ko ɗaya ba.