Mu san gulbinmu da ƙafa kafin mu nemi ruwan Timiya

A cikin duwatsun Abzin, sama da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas, akwai wani gari mai suna Timiya. Kusa da garin ruwa yana faɗowa daga kan dutse zuwa cikin wani kwarmi, mutanen wurin kuma suna noman lemu da rumman a tsakiyar hamada. Shekaru da dama baƙi daga Faransa da Jamus suna biyan kuɗi masu yawa, su hau dutse da ƙafa don su ga wannan mafaɗar ruwa. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 77.000, a 1991 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 ya sa baƙin suka janye ƙafa.

Mu a Maraɗi ba mu da tsauni, ba mu da mafaɗar ruwa. Sau da yawa mukan ce tafiyar ƙafa don kallon ƙasa aikin Nasara ne, wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi. A ganina wannan magana ta cuce mu. Wanda bai taka ƙasa ba bai san ta ba, wanda bai san ta ba kuwa ba zai ji zafin lalacewarta ba.

Abin da Allah ya ba mu shi ne gulbi. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga Nijeriya, ya shigo ta ƙasar Madarunfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tarihinmu duka yana bakinsa. Ambaliyarsa ta 1945 ce ta cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin fadama, aka tashi aka koma kan tudu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Nijeriya, zuwan ruwan ya sāke, manoman fadama sun fi kowa sanin haka. To, yara nawa ne cikin ƴan makarantar birni suka taɓa bin wannan gulbi da ƙafa har Tsibiri, fadar Sarkin Gobir, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba? Nawa ne suka ga gandun noman rani na Jiratawa, ko tafkin Madarunfa da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta a gefensa?

Wani zai ce manomi kullum a ƙafa yake, ba ya bukatar a koya masa tafiya. Gaskiya ne. Maganata tana kan ɗan birni da ma'aikaci, wanda ya san karkara daga cikin mota ko a kan takarda, alhali shi ne ke sa hannu a raba filayen fadama. Wani kuma zai kawo zancen tsaro, tun da ƴan bindiga sun addabi garuruwan kan iyaka da dajin Baban Rafi. Wannan ma gaskiya ne, ba wanda zai kai yara inda hukuma ba ta amince ba. Amma tsakanin Jiratawa da Tsibiri tafiya ce ta cikin gida, idan an shirya ta da sanin hukuma.

A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Saini Kunce, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da gurgusowar hamada, aka ɗauki alkawarin dasa itatuwa da kiyaye su. Alkawarin nan da sunan garinmu aka san shi. Ba zai cika ba sai yaranmu sun iya rarrabe gawo da kanya da tsamiya, sun ga da idonsu inda gatari ya bi da inda ruwa ya zaizaye gaɓa. Gani ya kori ji.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da cibiyoyin yaƙi da jahilci su keɓe rana guda bayan girbi, lokacin sanyi, a fita da sassafe da goran ruwa da littafin rubutu. Ma'aikatan gandun daji su yi jagora, dattawan gari su ba da tarihi, magadan gari su ɗauki nauyin abinci. Kowane mai tafiya ya rubuta abin da ya gani da Hausa, a karanta a aji. Ba a bukatar mota, ba a bukatar taimako daga waje.

Yaron da ya saba da gulbinsu, ran da hanya ta yi kyau ya isa Timiya, zai dubi ruwan nan a matsayin dukiyar ƙasarsa da ya wajaba ya kiyaye. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damana mai albarka, amin.