Me ke sa mutum ya kwana lafiya, washegari ya yanke jiki ya faɗi?

Duk ranar 29 ga Satumba ana bikin Ranar Zuciya ta Duniya, amma a wajenmu maganar zuciya ba ta tashi sai an ji labarin wani da ya fita kasuwa ko ofis lafiya lau, aka dawo da gawarsa. Nan take sai a fara cewa jifa ne. Rai dai a hannun Allah yake, amma sau da yawa akwai sanadin da ya ɗauki shekaru yana taruwa a jiki.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki suka faru. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne, ba kuma na masu kuɗi kaɗai ba.

Yadda abin yake faruwa

Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da naman jikinta. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan mummunan kolestarol suna yi wa bangon jijiyar lahani daga ciki. Kitse sai ya riƙa shiga cikin bangon yana taruwa, jiki kuma ya lulluɓe shi da wata siririyar fata. Wannan yana iya farawa tun ana ƙuruciya, ba tare da wata alama ba.

Idan tarin kitsen ya matse hanya, mutum yakan ji nauyi a ƙirji yayin hawa bene ko sauri, ya lafa idan ya huta. Babban haɗarin shi ne ranar da fatar nan ta tsage ko ta goge. Jini yana ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai ya daskare a kai kamar yadda yake yi idan mutum ya yanke. Cikin mintuna gudan jinin na iya toshe jijiyar gaba ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1980 ya gano jijiya a toshe ɗungurungum a kashi 87 cikin 100 na waɗanda aka duba cikin awa 4 da fara ciwon.

Sau da yawa kitsen da ke tsagewa bai kai ga matse hanya sosai ba, shi ya sa mutum zai ce bai taɓa jin komai ba. Daga minti 20 zuwa 30 da toshewar, naman zuciya yake fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Wani lokaci bugawar zuciyar ce ke rikicewa, mutum ya faɗi nan take.

Inda muke asarar lokaci

Mutane da dama suna ɗaukar ciwon a matsayin olsa, su sha maganin ciki su jira gari ya waye. Alamomin da za a kula da su: nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, yana tafiya hannu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi mai sanyi, tashin zuciya ko sarƙewar numfashi. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga kan zo da kasala ko haki kawai.

Wanda ya ji haka a kai shi asibitin da ke da na'urar ECG nan take, kada ya tuƙa kansa. Zai iya tauna asfirin miligiram 300 a hanya, matuƙar jikinsa ba ya ƙin maganin kuma ba ya zubar jini. Allurar narkar da gudan jini ta fi aiki a awannin farko, bayan awa 12 amfaninta kaɗan ne. Wuraren da ake buɗe jijiya da siririn bututu ba su da yawa a Najeriya, kuma a manyan birane suke.

Abin da ya rage gare mu

A 2023 Najeriya, ta hannun NAFDAC, ta taƙaita kitsen masana'anta mai cutar da jijiya zuwa giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Mataki ne mai kyau, sai dai amfaninsa ya rataya ga sa ido a kasuwa. Haka kuma sanya na'urar ECG a manyan asibitocin ƙananan hukumomi zai ceci rayuka da kuɗi kaɗan.

Kai kuma, ka san awon jininka, sukarinka da kolestarol ɗinka, musamman idan ka haura shekara 40 ko wani a gidanku ya taɓa kamuwa. Ka bar taba, ka rage gishiri da soye-soye, ka motsa jiki minti 150 a mako. Idan an ɗora ka a kan maganin hawan jini ko na kolestarol, kada ka daina don ka ji sauƙi. Kada kuma ka fara shan asfirin kullum sai likita ya ce, domin yana iya jawo zubar jini a ciki.